In za ka gyara gida, kada kuɗinka ya riga aiki gaba

Duk wanda ya taɓa gyaran tsohon gida ya san ya fi sabon gini cin rai. Sabon gini fili ne a gabanka, ka auna ka yi lissafi, shi kuwa tsohon gida sai an fasa bango sannan za ka san abin da ke ciki. Ni na shiga gyaran tsohon gidanmu a Kano da niyyar a canza kwanon ɗaki biyu a sa tayil a tsakar gida, na ce wata ɗaya an gama, sai ga mu a wata na huɗu ana fasa banɗaki, ni kuma ina lissafin wa zan ranta a wajensa. To abin da na koya a wannan wahalar shi zan baje muku a nan, ko wani ya tsira.

Kafin ka kira kowa, ka zagaya gidan da kanka da littafi da biro, kuma in da hali ka yi wannan zagayen da damina ko da ɗaukewar ruwa, lokacin da tabon yoyo bai ɓace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya masu ɗakin su ne matan gida, su suka san kusurwar da ake tara roba in an yi ruwa, da inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya, da soket ɗin da yake ƙauri in an jona dutsen guga. Ka tambaye su ka rubuta. Sannan ka jera aikin daga sama zuwa ƙasa: rufi da farko, sai duk wani fashe-fashe na waya da fayif, sai filasta, sai silin, sai tayil, fenti shi ne ƙarshe. Ni na yi fenti a falo saboda zumuɗi, bayan sati biyu mai wayarin ya zo da guduma ya tsaga bangon daga sama har ƙasa yana cewa "Alhaji ai da ka faɗa min tun farko." Ban da abin cewa, laifina ne.

Lokaci ma abin dubawa ne. Kada ka yarda a yaye maka rufi a watan Mayu ko Yuni, iskar farkon damina ba ta sallama. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai hunturu yana busar da siminti da wuri saboda haka shayarwa za ta ƙaru. Kuma ka tuna leburori da yawa 'yan ci-rani ne, da ruwa ya sauka sun koma gona, waɗanda suka rage kuɗinsu ya tashi.

Yanzu maganar samun mai aiki. Hoton da zai nuna maka a waya ba hujja ba ne, kowa yana da hoton gida mai kyau a wayarsa. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, gani ya kori ji, ka duba ko filastar ta tsattsage, ko tayil ya ɗago, sannan ka ja mai gidan gefe ka yi masa tambaya ɗaya: ya gama a lokacin da ya ce? Yadda zai yi dariya kafin ya amsa ya ishe ka. Kuma in za ka ji shawarata ka guji ba wa ɗan uwa ko suruki aiki sai dai in ka tabbata za ka iya ce masa ya rushe ya sake, don ranar da bango ya karkace maganar ba za ta tsaya a bango ba, har gaban Hajiya sai ta je. In ka samu wanda ya kwanta maka, fara gwada shi da ƙaramin aiki, ɗaki ɗaya ko gyaran kwata, ka ga ƙarfe nawa yake zuwa da yadda yake barin waje in ya tashi. Ka karɓi farashi daga mutum uku. Wanda ya fi kowa araha nesa ba kusa ba, yawanci ko bai fahimci aikin ba, ko kuma ya fahimta sarai yana jiran a fasa gidan ne ya ce a ƙara, ya san a lokacin ba ka da inda za ka.

Akwai jinga akwai biyan yini, kowanne da halinsa. Mai jinga sauri yake ya tafi wani aikin, mai biyan yini kuma aikin kwana uku sai ya ja shi sati. Abin da ake iya ƙirgawa, kamar ɗora bulo ko sa tayil da ake biya a kan sikwaya mita, a yi jinga a kan adadi. Abin da ba a san zurfinsa ba, kamar bin fayif ɗin da ya fashe a ƙarƙashin daɓe, a nan biyan yini ya fi adalci amma fa kana tsaye. Ko wanne kuka zaɓa a rubuta. Mutanenmu suna jin nauyin rubutu wai kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ba sai an je wajen lauya ba, takarda ɗaya ta isa, kowa ya sa hannu, ka ɗauki hotonta ka tura masa ta WhatsApp. A ciki a fayyace ƙananan abubuwan da suke haddasa rigima: wa zai biya leburori, wa zai biya 'yan garuwa kuɗin ruwa, wa zai kwashe ɓaraguzai, hayar janareto in mai walda zai yi aiki ba wuta, da kuɗin abinci in akwai. Wallahi kuɗin ruwa kaɗai ya isa ya ɓata tsakaninka da magini in ba a yi maganarsa ba.

Sai babbar magana, wadda in ka manta komai kada ka manta ta. Kullum ka tabbata aikin da aka yi ya fi kuɗin da ka biya. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, in kai ne mai sayen kaya ma bai kamata ya kai haka ba, don me zai yi da shi ban da kuɗin mota da na yaransa? Sauran a biya mataki-mataki, an gama kaza a ba da kaza, kuma ka riƙe wani ciko mai ɗan nauyi har sai ka gwada aikin. Wani mai famfo ya zo min da labarin matarsa ta haihu, tausayi ya kama ni na ba shi kusan duka kuɗinsa aiki bai kai rabi ba, daga ranar na koma mai bin sa. "Ranka ya daɗe ga ni nan a hanya." Hanyar nan kwana tara ya yi a kanta, daga baya wayar ma a kashe, ashe aiki uku ya karɓa lokaci guda kuma yana zuwa ne inda ake riƙe da kuɗinsa. Ba mugu ba ne, lissafi ya yi, ni ne na cire kaina daga layi. In mai aiki ya zo da matsala ta gaskiya kana so ka taimaka, ba shi kyauta daga aljihunka ka ce wannan ba ya cikin kuɗin aiki, ya fi maka sauƙi.

Amma fa mu masu gida ma muna da namu. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, wani kuwa sai mutum ya gama aiki tsaf ya fara "ka dawo gobe", lebura da ya yini yana ɗaukar kwanon sarki a ka da kuɗin yinin zai sayi garin tuwo. Ranar biya ta zama ranar biya. Kada ka yi wa oga faɗa a gaban yaransa, ja shi gefe ka ce "Malam, nan wajen bai yi min ba, a duba." In ka canza ra'ayi bayan an yi aiki, ka ce a matsar da taga ko a ɗaga ƙofa, wannan sabon aiki ne, ka biya ba tare da ƙorafi ba. Kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni a gidan, ba kai ka ce kaza da safe uwargida ta ce kaza da rana ƙaninka ya zo da yamma da tasa fasahar ba. Jakar fiya wata da ƙosai na safe ba sa cikin jinga amma abin da suke saya maka ya fi kuɗinsu. In kuma ke ce mai gyaran, Hajiya, ki tafi da wani namiji wajen ciniki in kina so don wasu suna ƙara farashi da sun ga mace, amma littafin lissafin ya zauna a hannunki.

To mu shiga kasuwa. Sirrin da kowa ya sani shi ne yawancin masu aiki suna da shagon da suke kai mutane ana ba su la'ada, kuma la'adar daga aljihunka take fita. Ni ba na faɗa a kan wannan, abin da nake yi shi ne ya rubuta min jerin kaya da adadi da girma, in zagaya shago uku ni kaɗai in ji farashi, sannan ranar saye in tafi da shi don ya duba inganci, ni in biya in karɓi rasit. A Kano rodi da kayan gini Ƙofar Ruwa, katako 'Yan Katako na Na'ibawa, kayan wuta da tayil Sabon Gari. Na Abuja kuma Dei-Dei suka sani. Adadin da ya rubuta ma ka gwada shi da ɗan lissafi, misali bulo kusan 10 ne ke cika sikwaya mita ɗaya ta bango, to in bangonka mita 4 ne a faɗi 3 a tsayi, bulo 120 ne da ɗan ƙari saboda fashewa, in ka ga an rubuta 200 sai ka tambaya ina sauran za su.

Siminti buhunsa kilo 50 ne, ko Dangote ne ko BUA ko Ashaka, kuma a jikin buhun za ka ga an rubuta 32.5 ko 42.5. Na 42.5 ya fi ƙarfi, shi ya dace da fila da linta da dekin, na 32.5 ya isa filasta da ɗora bulo. Ka taɓa buhun, in ka ji dunƙule-dunƙule masu tauri ya sha danshi, bar shi ko da an rage maka. In buhu ya yi maka sakayau ko bakinsa kamar an sake ɗinkewa, a ɗora a sikeli. A gida a jera shi a kan katako nesa da bango, kuma kada ya wuce wata uku a ajiye don ƙarfinsa raguwa yake. Na san tun da buhu ya haura naira dubu 10 a farkon 2024 kowa so yake ya saya ya tara kafin a ƙara, to in kana da dilan da ka yarda da shi ƙwarai ka biya ya rubuta maka adadi kana ɗiba kaɗan-kaɗan, ya fi ka jibge buhu 60 a soro ya zama dutse. Da yamma ka ƙirga buhunan da aka zazzage, ba zargi ba ne, in an san kana ƙirgawa ba za a kai ga zargin ba. Kwaɓin kankare na yau da kullum shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, kuma buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, ka ga buhu guda zai ci kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Ka tsaya a wajen kwaɓi ko sau biyu ne ka ga ko haka ake yi. Bayan an zuba a shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana 7, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, kuma wannan shayarwar ba wanda zai yi maka ita da gaske sai kai ko yaran gida, magini ya gama nasa ya tafi.

Yashi kala biyu za ka buƙata, mai kaifi na kwaɓin kankare da mai laushi na filasta. Kafin tifa ta juye ka ɗebi kaɗan a gorar ruwa ka girgiza ka ajiye, in laka ta kwanta da kauri a saman yashin, filastarka za ta tsage. Bulo kuma ɗauki ɗaya ka sake shi daga daidai ƙugu, mai kyau ko ya fashe gida biyu zai yi, na banza kuwa garin kwaki zai koma. Masu buga bulo da yawa suna jan buhu ɗaya ya fitar da abin da ya wuce ƙima, ga rashin shayarwa. Inci 6 ya isa raba ɗaki, bangon da zai ɗauki nauyi inci 9.

Rodi tsawonsa mita 12 ne, kuma a nan ake cin mutane sosai, a sayar maka da wanda kaurinsa bai cika ba a ce mai milimita 12 ne. Ido ba zai gane ba amma sikeli zai gane: cikakken rodi mai milimita 12 nauyinsa kusan kilo 10 da rabi ne da ɗoriya, mai 16 kusan kilo 19, mai 10 kilo 7 da ɗan wani abu. Tun da ana maganar nauyi, don Allah kada ka cire bango don falo ya yi faɗi a kan maganar magini kawai wai "ba komai Alhaji, mun saba." Ka biya injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya zo ya duba. Haka in za ka ɗora bene ko ka fitar da shago bakin titi, a Kano sai ka bi ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, in ba haka ba wata rana ka tashi ka ga jan fenti a bangonka.

Katako ka zaɓi busasshe, ɗanye yana murɗewa bayan an kafa ya ja kwanon. A shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi sama, wasu suna haɗawa da baƙin mai, kuma ka ƙirga da kanka lokacin da ake lodi. Kwanon alminiyom kaurinsa ake saya, milimita 0.45 ko 0.55, ka ce a auna a gabanka don abin da aka rubuta a rasit da abin da aka ɗora a mota ba kullum suke zama ɗaya ba.

Inda ba na yarda a yi tsumulmula ko kaɗan shi ne abin da za a binne a bango. Makunni ko mariƙin ƙofa in ya lalace minti goma ne an canza, waya da fayif kuwa sai an fasa gida. Wayar fitilu mai kaurin sikwaya milimita 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita 4, kowanne layi da birekarsa mai katse wuta in ta yi yawa, kuma a kafa ƙarfen at a ƙasa, wanda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, yawancin tsofaffin gidajenmu ba su da shi. Wayoyin da ake yi a nan gida irin su Coleman da Cutix da Nigerchin suna da suna mai kyau, shi ya sa ma ake yin jabunsu, to ka kankare bakin wayar da wuƙa, in jan ya tafi fari ya fito alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, irinta ce take zafi ta haddasa gobara. In kana da niyyar sa sola ko nan da shekara biyu ne, a binne bututunta yanzu. Fayif ɗin ruwa kuma a sake masa ruwa ya kwana a cike kafin a rufe, a ga ko akwai inda yake tsatsafa. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango kafin filasta, ranar da za ka kafa ƙusar labule za ka gode min.

Tayil mai santimita 60 da 60 guda 4 ne a kwali, wato sikwaya mita 1.44. Ka sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kuma ka duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, don kala ɗaya in an gasa ta a lokuta daban sai ka ga bambanci bayan an shimfiɗa, in kuma ya ƙare ka koma kasuwa bayan wata biyu za a ce maka an daina kawo shi. Mai sheƙi a bar shi a falo, banɗaki da tsakar gida a sa mai kaushi, musamman gidan da akwai tsofaffi masu alwala da asuba. Wani abu da nake gani ana yi a cikin gari, bango yana danshi yana fitar da farin abu kamar kanwa sai a lulluɓe shi da tayil. Danshin bai tafi ba, hawa sama zai yi ya fito a inda tayil ɗin ya tsaya, in bangon ƙasa ne ma ya riƙa cin sa ta ciki ba ka gani. A nemo daga inda ruwan yake zuwa tukuna, kwata ce ko sokawe ko indararon maƙwabci.

Fenti kada a yi shi a kan ɗanyar filasta, a ba ta sati uku zuwa huɗu ta bushe in ba haka ba zai kumbura ya ɓare. A buɗe bokitin a gabanka, ka kula da yawan ruwan da ake sirkawa, don bokiti mai lita 20 yana iya zama 30 a hannun wani kuma damina ɗaya za ta wanke shi. Ka sayi galan ɗaya ka shafa a bango ka gani da rana da dare kafin ka sayi sauran, kalar da ke jikin kati yaudara ce. Kuma duk lissafin da ka yi tun farko ka ware kashi ɗaya cikin biyar a gefe kada ka faɗa wa kowa, har maginin, don sai an fasa wani abu ya fito.

Ranar biyan ciko kada ka je da sauri. Ka zuba bokitin ruwa a banɗaki ka tsaya ka ga ko zai bi magudana ko zai taru a bakin ƙofa. Ka bi tayil kana ƙwanƙwasawa da makulli, inda ka ji ƙarar fanko babu siminti a ƙasa, a ɗaga a sake. Ka jona caja a kowane soket, ka buɗe ka rufe kowace ƙofa da taga, ka kunna duk famfunan lokaci guda. Rufi kuwa in da rani aka yi, ka sa yaro ya hau da tiyo ya yi masa ruwa kai kana ciki kana kallon silin. Mai tayil ɗina da ya ga na fito da makulli sai ya yi dariya ya ce "Alhaji kai ma ka zama ɗan hannu," ya kira yaronsa suka ɗaga guda shida a bakin kicin tun kafin in kai wajen.